Zane da ƙasar gonar mahaifi, ga damina a bakin ƙofa

Shugabar Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga tambaya daga wani ɗan'uwa da ya nemi a sakaya sunansa. Mai zane ne, da fentin kanti ya saba aiki a birni. Mahaifinsu ya rasu bayan kaka, shi ne babba, don haka ya koma ƙauyensu da ke arewa da Kano ya riƙe gonar gandu. Yana son ya yi aikin tunawa da tsohon, kuma yana son launin ya fito daga ƙasar gonar, in da hali ma a kan ɗaya daga cikin rigunan marigayin. Tambayarsa ita ce: yaya ake mayar da ƙasa fenti, me zai riƙe ta kada ta kakkaɓe, kuma yaya zai haɗa wannan da aikin gona tunda muna tsakiyar bazara? Masana, bismillah.

Alaramma Mai Zayyana:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinsa, ya ba su haƙuri. Kafin a kai ga fenti akwai abu biyu da za a kawar daga hanya. Na farko rigar. Tufafin mamaci dukiyar gado ce, daidai da gonar da dabbobin. Sai an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusi, sannan a raba. Kafin nan ba shi da ikon sa almakashi ko tawada a jikin riga komai tsufanta, balle in cikin magada akwai yara, don ba a yafe haƙƙin yaro a madadinsa. Mafita mai sauƙi ita ce a yi wa rigar kuɗi a sa ta cikin kasonsa. Na biyu, ƙasar gona ya ce, to ya tsaya a gona. Kada wani ya zuga shi ya ɗebo ƙasar kabari wai ta fi ma'ana. Wanda aka gani yana ɗibar ƙasa a maƙabarta a ƙauye sunansa mai sihiri, kuma ba zai wanku ba.

Malamin Zane:
Allah ya gafarta malam, wannan gyara ne a kan gaɓa. Ni bari in ɗauki ɓangaren ƙasar.

Gonakin arewacin Kano galibi jigawa ce, yashi ya rinjaya, kuma yashi ba ya ba da launi. Launin yana cikin lallausar ƙurar da ke manne da shi. Ja da rawaya duk tsatsar ƙarfe ce da ke cikin ƙasa. Saboda haka in ya ɗebi ƙasar tsakiyar gona zai sha wahala ya tashi da ruwan toka mai hasken ja kawai. Ya zagaya gefe: inda marmara ta leƙo, jikin tsohon suri, bakin kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, da kwarin da ruwa ke kwanciya in an yi sama. Suri yana da kyau don gara ta riga ta zaɓo lallausar ƙasa daga can ƙasa. Ya kankare taƙi guda na sama ya zubar, saboda taki da saiwa, ya ɗebi na ƙarƙashi. Kowane wuri da buhunsa, da takarda a ciki an rubuta inda aka ɗebo. In aka cakuɗa su tun farko, launi ɗaya za a samu, na laka.

Tacewa kuwa haka take. Mudu biyu na ƙasa a bokiti, a cika da ruwa, a bari ta kwana ta jiƙu. Da safe a dama da hannu har kowane gudaji ya narke, a tsame ciyayin da suka taso. A sake damawa da ƙarfi, a tsaya a ƙirga talatin zuwa sittin. A wannan ɗan lokacin yashi ya kwanta. Sai a tsiyaye ruwan mai launi cikin bokiti na biyu ta cikin ƙyalle, a bar yashin. Bokiti na biyu ya kwana ba a taɓa shi ba. Gobe za a tarar ruwa ya yi garau a sama, laka mai santsi ta kwanta a ƙasa. A tsiyaye ruwan a hankali, a zuba lakar a faranti a shanya a inuwa, a rufe da ƙyalle saboda ƙurar bazara. A murza kaɗan tsakanin yatsu biyu: in an ji ƙaras-ƙaras, a maimaita. Daga mudu biyu na ƙasar jigawa in ya sami rabin gwangwanin madara ya gode Allah, ƙasar suri ko ta kududdufi ta fi haka nesa.

Wata dabara: rawayar ƙasa in aka gasa ta a kasko a kan garwashi, tana juyewa ja a gaban idonka. Daga buhu ɗaya ke nan an sami launi biyu, uku ma in an sauke rabi kafin ta gama nuna.

Ɗan Damagaram:
Malam, ka bar baƙi da fari. Baƙi daga karan geron gonar ma ana samunsa: a yanka kara a cusa a gwangwani mai murfi, a huda murfin da ƙusa, a jefa cikin wuta har hayaƙi ya daina fita ta hudar. A bari ya huce kafin a buɗe, in ba haka ba iska ta shiga ya zama toka. Fari kuma farar ƙasa ce, ta wajen Ƙanƙara a Katsina ana samunta a kasuwa. Sai dai a sani, farar ƙasa tana dusashewa in ta sha ƙaro da yawa.

Malamin Zane:
Haka ne, na gode. Yanzu abin da zai riƙe launin. Ƙaro, na dakwara, mai haske wanda in ka fasa shi yake ƙyalli. A daka shi, awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwan ɗumi, a bari kwana ɗaya zuwa biyu ana juyawa. Ba a tafasa shi. A tace da ƙyalle don fitar da ɓawo. A cikin cokali biyar na ruwan ƙaron a sa cokali ɗaya na zuma, ita ke hana fentin tsagewa in ya bushe, kuma ita ke sa ya sake narkewa in an ɗiga masa ruwa. A jefa kanumfari biyu ko uku, ko ɗigon mansa, don kada ya yi tsami.

Haɗawa: cokali ɗaya na garin launi, cokali ɗaya na ruwan ƙaro, a kan gilashi mai kauri ko tayil, a murza da gindin kofin gilashi ana zagayawa kamar minti goma sha biyar. Nan mutane ke yin gaggawa, su juya da cokali su ce ya haɗu. Bai haɗu ba. Sai kowane ƙwayar gari ya sha ƙaro. Gwaji: a shafa a takarda, a bari ya bushe, a goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana sheƙi yana tsagewa in an lanƙwasa takardar, ƙaro ya yi yawa. Jar ƙasa mai yumɓu ta fi shan ƙaro, gawayi ma haka. Ba awo ɗaya ba ne ga kowane launi, shi ya sa ake rubuta abin da aka sa.

Gwaggo Masaƙiya:
Duk wannan a takarda ne fa, Malam. Yaron riga ya ce. Fentin ƙaro a kan tufa, ranar da danshi ya taɓa shi ya tashi aiki. Ƙaro ba ya daina narkewa ko bayan shekara goma. Ga watan Agusta na zuwa, ɗakin ƙasa, bango na zufa. Funfuna za ta hau shi saboda zumar, tururuwa ta biyo.

Malamin Zane:
Gaskiyarki Gwaggo. A takarda mai kauri a cikin gilashi ne ƙaro ke daɗewa. Akwai gwaiduwar ƙwai: a fasa, a raba ta da farin, a huda jakarta a tsiyaye, a haɗa da ruwa daidai yawanta, sannan awo ɗaya nata a awo ɗaya na launin da aka kwaɓa da ruwa. Wannan in ya yi watanni yana ƙeƙashewa, ruwa ba ya ɗaga shi da sauƙi. Amma katako yake so, wanda aka shafe da alli da gam, ba tufa mai lanƙwasa ba, kuma a zafin Afrilu abin da aka haɗa da safe ya ɗoyi kafin magariba. Kyankyaso ma na cinsa tun yana sabo. Wanda ba ya son wahala ya sa farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, zai riƙe, sai dai yana kashe hasken ƙasar, ya mai da ita kamar roba.

Baban Marina:
Ku matsa in shigo, don maganar tufa tamu ce. Kuna ta neman abin da zai manna ƙasa a kan tufa. Ba a mannawa. Rinawa ake yi, launin ya shiga cikin zare, ƙasar kuma a wanke ta ta tafi.

Bambarawan Mali sun daɗe suna yin haka, shi ne bogolan. Itacen da suke jiƙa tufar da ganyensa markenmu ne, wanda ake sassaƙa ƙotar fartanya da shi. Ganyen marke yana da dafin jima irin na bagaruwa. In wannan dafin ya gamu da ƙarfen da ke cikin laka, wurin ya yi baƙi, baƙin da sabulu ba ya fitarwa.

Tufar sai ta auduga zalla, saƙi ko akoko. In akwai roba a zaren ba za ta kama ba. A gwada da ashana a bakin zare: auduga na ci ta bar toka, roba na dunƙulewa. A dafa ta da ɗan kanwa don fitar da sitaci da maiƙo, a ɗauraye sosai. Ganyen marke kwando guda, a daka, a tafasa a tukunyar ƙasa ko ta alminiyam, kada ta ƙarfe, don ƙarfen tukunya zai baƙanta ruwan tun kafin a fara. A tace, a tsoma tufar, a shanya a rana a shimfiɗe, fuska ɗaya kullum tana sama. A maimaita sau uku. Za ta yi rawaya mai duhu. A kan wannan fuskar ake zana laka da tsinke ko bakin kara, a bari ta bushe ƙayau a rana, a kakkaɓe, a ɗauraye da ruwa zalla. Shafin farko toka-toka yake bayarwa. A sake tsomawa a ruwan marke, a shanya, a sake bin layin da laka. A shafi na biyu ko na uku baƙin ke zama.

Inda zai ci tura: jar ƙasar da Malamin Zane ya tace ba za ta yi wannan aikin ba. Ƙarfenta ya riga ya yi tsatsa ya ƙulle. Lakar da ake so ita ce baƙa mai wari ta ƙasan tafki, wadda ba ta ganin iska. Mutanen Mali ma sai sun ajiye ta a tulu a ƙarƙashin ruwa watanni, har shekara. Yanzu da tafkuna suka ja baya ne lokacin ɗibarta, da an yi ruwa biyu ta nutse sai baɗi.

Malamin Gona:
Baba, marke fa yana kaɗe ganye da rani. A wurare da yawa yanzu sai dai tsiron toho. Kuma kada a ce masa ya ɓare ɓawon, gatari ya rage marke a gonaki tun ba yau ba.

Baban Marina:
Na sani. Busasshen ganye na yi, masu maganin gargajiya na sayarwa. In babu, bagaruwa tana nan a kowace kasuwa saboda majema: mudu ɗaya a daka a jiƙa a ruwa lita biyar kwana guda. Ita ƙasa-ƙasa take ba tufa maimakon rawaya.

Baduku:
Ranka ya daɗe Baba, akwai gajeriyar hanya in ba zai iya jiran shekara ba, ita ce hanyar kulokon da muke baƙanta fata da shi. A nemi tsohon ƙarfe mai tsatsa, kuma ga shi a gidan manomi ba a rasa ruwan fartanya ko na lauje da ya cinye aka jefar a bayan rumbu. In na marigayin ne, magada suka yarda, to ƙarfen da ya yi noma da shi ne zai zama baƙin zanen. A ƙona shi a wuta tukuna don maiƙo ya fita. Kilo ɗaya na ƙarfe, mazarƙwaila kwatan kilo, ruwa lita goma, a tulu ko jarka, a rufe da ƙyalle ba da murfi mai toshewa ba don yana fitar da iska. Mako biyu zuwa uku a wannan zafin. In kumfa ta taso, wari ya fito, a ɗiga a kan ƙyallen da ya sha bagaruwa: in ya yi baƙi kafin ka ƙirga goma, ya nuna. Kada a sa kwanon rufi ko waya mai farin shafi, ba sa bayarwa.

Ruwan shi kaɗai tsinkakke ne, zai bazu a tufa layi ya lalace. A kwaɓa shi da tatacciyar ƙasar gonar nan har ya yi kaurin kunu. Ka ga ƙasar Malamin Zane ta sami aiki, ita ke riƙe layi, ƙarfen na yin baƙi.

Gargaɗi biyu. Ƙarfe in ya yi yawa yana cin auduga, bayan shekaru layin baƙin ne zai fara yagewa. A tsinka shi da ruwa rabi da rabi, gara a maimaita shafi da a zuba mai ƙarfi sau ɗaya, kuma a ɗauraye sosai. Sannan lemun tsami na goge wannan baƙin. Ana iya amfani da shi a fitar da layi mai haske, a wanke nan take, amma kada a sha lemo kusa da aikin.

Gwaggo Masaƙiya:
Kuma don Allah kada ya fara da rigar. Ya sayi akoko yadi uku ya yayyanka tafin hannu tafin hannu, ya yi gwaji ashirin ko fi, kowanne da lamba. Riga ɗaya ce, ba ta da ta biyu. In shadda ce mai sheƙi ko tana da aikin zare na roba a wuya, wurin ba zai karɓa daidai da sauran jiki ba. Tsohuwar rigar noma da ta sha wanki ta fi babbar rigar Sallah karɓar rini.

Malamin Gona:
To ni yanzu zan ɓata wa masu zane rai. Duk abin da kuka lissafa, ɗiba da jiƙawa kaɗai zai yi a bana kafin ruwa. Wanda ya karɓi gandu a shekarar farko idon dangi na kansa, kuma abincin gidan na shekara yana wuyansa.

Abin da ke gabansa daga yanzu zuwa ƙarshen Mayu: sharar gona, a tara kara da ƙaya. Kada ya ƙone komai da komai, karan da aka bari a kwance yana tare ƙasa daga iskar farkon damina. Kai taki, a jibge tsibi-tsibi, a baza dab da ruwa, don takin da aka baza tun Maris rana ta cinye shi. Ya tambayi tsofaffin da suka yi noma da mahaifinsa ina ne ƙuduji ke fitowa, ina ruwa ke kwanciya, ina iyaka take, tun kafin maƙwabci ya ja kunya. Ya duba iri: ya ɗebi ƙwaya ɗari ya sa a jiƙaƙƙen buhu kwana huɗu, in waɗanda suka tsiro ba su kai tamanin ba ya nemi wani ko ya ƙara yawan zubi. Irin da ya kwana a rumbun da ba a kula da shi ba saboda zaman makoki sau da yawa ƙwari sun shiga.

Shuka kuma, a wannan yankin ruwa kan zauna ne a Yuni. Ruwan farko na yaudara. A haƙa da hannu bayan an ɗauke, in danshi bai kai tsawon tafin hannu ba a dakata. Masu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, suna samun riba in ruwa ya zo da ƙarfi, amma in yayyafi ne ya tsirar da iri sannan aka yi kwana goma ba ruwa, sai sake shuka, ga asarar iri. Sabon hannu ya bar binne. In kuɗin takin zamani ya yi kaɗan, akwai dabarar da aka gwada a tashar bincike ta Sadore a Nijar: giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami, wajen cikin murfin kwalbar lemo, a gefen iri ba a kansa ba don yana ƙona tsiro. Noman firi mako biyu bayan tsiro, a cire a bar uku a rami, maimai bayan mako biyu zuwa uku. Daga ranar shuka zuwa gama maimai, mako shida ke nan da ba shi da hannun riƙe alƙalami in ya dawo.

Malamin Zane:
Ban yarda a ce ya ajiye gaba ɗaya ba. Mako shida ba a taɓa aiki ba, hannu ya yi sanyi, kuma mai makoki in ya ajiye abu irin wannan da wuya ya koma. Ƙaramin littafi a aljihu da gawayin kara, minti goma a gindin gawo lokacin shan fura. Layin kunya, ƙotar fartanya, inuwar rumbu. Ya sa kwanan wata a kowane shafi, kada ya yaga ko ɗaya, kada ya ɗora a intanet. Da zarar mutane sun fara yabo da Allah ya jiƙa, zai koma zana abin da ke jawo yabon.

Malamin Gona:
Minti goma ban hana ba. Babban aiki nake nufi.

Baban Marina:
A nan Malamin Gona ya fi gaskiya, kuma ko ba don noma ba. Rinin laka rana yake so mai ƙarfi, kowane shafi sai ya bushe ƙayau. A Agusta tufa na kwana biyu ba ta bushe ba, layi ya bazu. Lokacinsa daga Oktoba zuwa kafin hazo ya yi kauri. Kafin nan lakar da ya ɗiba yanzu ta yi wata shida a tulu.

Magini:
In ya ga jiran ya yi masa tsawo akwai bango, amma na ciki. Kada ya yi zanen tudu a fuskar gida yanzu, musamman bangon gabas, don daga nan hadari ke dukan gini. Sabon yaɓe da bai ƙeƙashe ba ruwan farko zai zubar da shi. Cikin zaure, inda tsohon ke zama, ya fi. A kankare tsohon shafe, a yayyafa ruwa, a yi yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da yankakkiyar ciyawa ta kwana uku tana ruɓa, kaurin yatsa biyu, a fitar da zanen da hannu tun tana ɗanye. In ya wuce yatsa biyu a tashi ɗaya zai tsage ya saki. Makuba kuma yanzu ne lokacinta, ɗorawa ta nuna, mata na fitar da gari da kalwa suna zubar da ɓawo. A tara ɓawon, a daka, a jiƙa kwana biyu har ruwan ya yi ja mai duhu, a shafa sau biyu ko uku in bango ya bushe. Yana taurara fuska ya ba ta sheƙi. Siminti kada ya kusanci wurin, ba ya kama ƙasa, ruwa na shiga bayansa ya ɓanɓare da zanen gaba ɗaya. Wanda ya ga gidajen unguwar Birni a Damagaram ko tsofaffin gidajen Zariya ya san abin da hannu da ƙasa ke iya fitarwa.

Ɗan Damagaram:
Ba wanda ya taɓo babbar tambayar. Me zai zana? Fuskar mahaifin?

Alaramma Mai Zayyana:
Malamai sun yi saɓani a kan hoton da ba shi da inuwa, amma a kan mutum-mutumi da rataye hoton mamaci don girmamawa maganar ta fi tsauri. Ibn Abbas ya ba mai sana'ar zane shawarar ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Ƙofar nan a buɗe take: gonar, gawon, rumbun, zayyana, baitin marsiyya da ajami. Kuka da baƙin ciki ba laifi ba ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Abin da zan ja kunne a kai: kada a rubuta aya da lakar tafki mai wari a kan tufar da za a shimfiɗa a ƙasa ana takawa. Kuma in mahaifiyarsa na cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ya tambaye ta kafin ya rataye komai inda idonta zai riƙa sauka.

Malamar Tarihin Zane:
Ko a ajiye hukunci gefe, ta fuskar sana'a ma fuska ita ce mafi wuyar farawa. Käthe Kollwitz, 'yar Jamus, an kashe ɗanta Peter a yaƙi a Oktoban 1914. Ta fara aikin tunawa da shi da niyyar sassaƙa shi kansa a kwance, ta yi shekaru tana fama, ta rushe. Abin da ta kammala a 1932 babu ɗan a ciki sam: uwa da uba ne a durƙushe, na dutse, suna nan a maƙabartar sojoji ta Vladslo a Beljiyam. Shekara 18. Dalilin a aikace yake. Mai zanen fuskar wanda ya rasa yana auna kowane layi da kamanni, kamannin kuma kullum suna guduwa, sai ya yi ta gogewa har takarda ta huje. Kayan aikin mutum da wurin zamansa suna tsayawa a zana su. Sannan rinin laka ba ya karɓar gyara ko inuwa mai laushi, layi ne da fili. Fuska ba za ta fito da kyau a cikinsa ba ko a hannun gwani.

Malamin Zane:
Hajiya, a nan na ɗan saɓa. Wasu sai sun zana fuskar sun gaji sannan hannunsu ke sakuwa. A littafin aljihu, don kansa, ba na bango ba. Hukuncin kuma ya tambayi malaminsa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Abu biyu daga ɓangarenmu. Kada ya daka busasshen dutse ko ƙasa a cikin gida, a jiƙe ake niƙawa, ƙurar na illa ga huhu. Kuma kada kyawun launi ya ja shi ga dutsen da ya fito daga ramin haƙar ma'adinai. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 daga dakan dutsen zinariya a tsakar gida ta fito. Turmin abinci daban, na launi daban. Tulun ruwan ƙarfen a ɗaga shi inda yara ba sa kaiwa, yaro in ya sha ƙarfe da yawa yana iya mutuwa.

Na biyu, zane na taimakawa amma ba magani ba ne. In watanni sun shuɗe ba barci, ba cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yana jin gara ya bi tsohon, wannan na asibiti ne, kuma a Kano akwai na Dawanau. 'Yan'uwa su lura da wanda ke rufe kansa a ɗaki da sunan aiki. Shi ya sa shawarar zaure ta fi min, mutane na shiga suna fita.

Gwaggo Masaƙiya:
Ajiya kafin ruwa: garin launi a kwalba mai murfi, takardu a akwatin ƙarfe a ɗora a kan bulo, nesa da bango taƙi guda saboda gara. Rigar a wanke, a bushe, a naɗe da ganyen darbejiya busasshe, ba a leda ba.

Malamin Gona:
Tunda aikin sai kaka, ya ware kunya biyu a gefen gona ya shuka karan dafi, wanda dukawa ke jan fata da shi, da layi ɗaya na baba, tsiron da ake shuni da shi, in zai sami iri. Ba sa cin wuri. Karan dafi tare da dawa ake shuka shi, kuben ganyen ake ɓarewa in ya nuna.

Baduku:
A jiƙa shi da ruwan kanwa ja ya fito. Amma a fata yake zama da kyau, a auduga yana kwaranyewa kuma rana na cinsa. In zai sa a rigar sai ya fara jiƙa ta a bagaruwa sannan alif, kuma ya gwada a ƙyalle ya rataye rabi a rana mako biyu, rabi a akwati, ya kwatanta.

Baban Marina:
Baba kuma a yanke shi kafin ya yi fure sosai, da sassafe. Layi ɗaya ba zai cika karofi ba, wato ramin rini, sai dai a sami shuni kaɗan na zane a takarda. In shuɗi yake so a rigar, ya kai ta marina a tsoma kafin komai, don ruwan toka na karofi yana ɓata rawayar marke in aka yi shi daga baya. Lakar da ke tulu kuma ya riƙa duba ta duk mako, ruwa ya rufe ta da yatsa uku, in ya ja a ƙara. Ta bushe sau ɗaya ta koma ja, sai a sake ɗibar wata.